Wane hali ne na kokwamba ya fi kawo yabanya a noman ruwa cikin rumfar leda?

Mai Lambu Daura:
Assalamu alaikum. Ina noman kokwamba a rumfar leda a nan Daura, a cikin buhunan ɓawon kwakwa da ake ɗiga wa ruwan taki, ba tare da ƙasa ba. Irin da na shuka ya yi yaɗo sosai, ganyensa faffaɗa ne, amma 'ya'yan ba su taka kara sun karya ba. Ina roƙon masana su bayyana mini halayen da ya kamata a duba a jikin shuka kafin a zaɓi iri.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, Malam. Yawan ganye ba shi ne yabanya ba, abin da za ka fara dubawa shi ne furen. Kokwambar da aka saba shukawa a fadama tana fitar da fure namiji da fure mace a jiki ɗaya, kuma zafi yana ƙara yawan na mazan, waɗanda ba sa zama ɗa. Za ka gane macen da ɗan ƙaramin kokwamba da ke manne a bayan furen tun kafin ya buɗe. Irin da aka tanada domin rumfa kusan duk furensa mata ne, kuma yana ƙulla 'ya'ya ba tare da barbara ba, wanda hakan yake da muhimmanci tunda ƙudan zuma ba ya shiga rumfar da aka rufe da raga. Idan irin fadama ka saka a ciki, furen macen zai bushe ya faɗi ko da takinka daidai yake.

Sai kuma yawan 'ya'ya a kowace gaɓa. Gajeren nau'in da ake kira Beit Alpha yakan ɗauki biyu ko fiye a gaɓa ɗaya, dogon kuwa galibi ɗaya ake bar masa. Shukar da gaɓoɓinta suke kusa da juna ta fi tara 'ya'ya kafin ta kai ƙarshen igiyar da take hawa.

Hajiya Mai Rumfa, Katsina:
Na yarda da bayanin Malam, sai dai a ƙasarmu ina ganin ƙarfin saiwa ya kusa kamo fure a muhimmanci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a waje, cikin leda kuma ya fi haka, alhali kokwamba ta fi walwala a ƙasa da digiri 30. Ruwa idan ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa tana raguwa, saiwar da ya kamata ta kasance fara tas sai ta koma ruwan ƙasa ta fara ruɓewa, ƙananan 'ya'yan kuma su yi rawaya su zube. Saboda haka a ajiye tankin ruwan takin a inuwa, a riƙe ma'aunin tsamin ruwan, wato pH, tsakanin 5.5 da 6.5, sannan a nemi irin da ke jure cutar nan mai sa ganye ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari.

Mai Lambu Daura:
Na gode ƙwarai. Shin rage ganye zai taimaka wa shukar da ke tsaye yanzu?

Malamin Gona:
Zai taimaka wajen shigar iska da haske, musamman idan ka cire tsofaffin ganyen ƙasa da rassan gefe, amma ba zai sauya halin irin ba. A shuka ta gaba, ka cire 'ya'yan farko har zuwa tsayin kusan rabin mita domin saiwa ta kafu tukuna, kuma ka riƙa tsinka a kai a kai, domin ɗan da ya tsufa a jiki yana hana na sama girma.