Dala miliyan 76 don mutum ya zauna a gida: wauta ce ko lissafi?

Kawu Bala: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wajen walimar suna ni da Injiniya muka fara wata gardama, hayaniyar yara ba ta bari mun ƙarasa ba, shi ne na ce a kawo ta nan kowa ya sa baki. Ga abin da na ce, kuma ina nan a kai: yadda jami'o'in Amurka ke korar kocin ƙwallonsu almubazzaranci ne, kuma galibi ba ya gyara komai. Ku dubi Texas A&M. A Nuwamban 2023 suka sallami Jimbo Fisher, kwana ɗaya bayan ya lallasa Mississippi State da ci 51 da 10, kuma za su biya shi sama da dala miliyan 76. Ladan barin aiki ke nan fa, ba ladan aiki ba. A makaranta!

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Kawu, a tausaya mana mu da muke Kano. Ƙwallon 'yan makaranta ce ake biyan wannan kuɗi a kanta, ko yatsanka ne ya zame?

Auta: Malam, bai zame ba. Kuma ba irin tamaularmu ba ce, waccan ce da suke sa hular kwano, mutum ya rungumi ƙwallo ya ruga a bi shi a kayar. Filin A&M ɗin nan yana cin mutum sama da 100,000, kuma ranar Asabar cika yake. Wasa 12 kacal ake yi a kaka kafin a shiga na kofi, don haka in aka doke ka sau uku shekararka ta tafi. A jihohi da yawa babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin jami'ar jiha albashi, har da gwamna.

Injiniya: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Kuɗin nan ba daga kuɗin makarantar ɗalibai ya fito ba. Kason farko, kusan miliyan 19, gidauniyar attajiran da ke tallafa wa wasannin jami'ar ce ta biya, sauran kuma sashen wasanni ke biya shekara-shekara har 2031 daga abin da yake samu na talabijin da tikiti. Mai kuɗi ya ce ga kuɗina a canza mini koci, ina ruwan wani? Sannan Fisher ɗin me ya yi? An ɗauko shi daga Florida State a ƙarshen 2017 saboda ya ci kofin ƙasa a can a kakar 2013. Shekara shida bai kai su ko wasan ƙarshe na rukuninsu ba. A 2022 ya ci 5 aka ci shi 7, har Appalachian State, ƙaramar makarantar da aka biya kuɗi ta zo a doke ta, ta bi su har gida ta kunyata su. A ci gaba da zama da shi saboda tsoron kuɗin sallama?

Injiniya: Kuma ga Georgia. Mark Richt ya ci wasa 145 a shekara 15, mutumin kirki, kowa na son sa. A 2015 suka rufe ido suka sallame shi, aka yi ta zaginsu. Kirby Smart ya zo ya ɗauki kofin ƙasa a kakar 2021, ya maimaita a 2022. Rabonsu da kofin tun 1980. Da sun bi shawarar Kawu da har yau suna nan suna cin wasa tara suna tafa wa kansu.

Kawu Bala: Ɗana, kowa Georgia yake ambata saboda ita ce ta dace. Ni a Omaha na zauna lokacin da kake firamare, bari in ba ka labarin Nebraska. Jihar da ba ta da wata babbar ƙungiyar ƙwararru, ƙwallon jami'ar nan ita ce komai nasu, ranar wasa gari ja yake zama. A 2003 Frank Solich ya ci 9 aka ci shi 3, suka ce bai isa ba, suka kore shi. Mutumin da a jimlace ya ci 58 aka ci shi 19. Aka kawo wani, bai yi ba. Aka kawo Bo Pelini, shekara bakwai bai taɓa cin ƙasa da wasa tara a kaka ba, shi ma a 2014 aka ce ya tafi. To me ya biyo baya? Daga 2017 zuwa 2023 ko sau ɗaya ba su je wasan ƙarshen kaka ba, abin da wasa shida kawai ake nema ka ci. Wasa taran da suka raina ya zama mafarki. Saki reshe kama ganye ke nan.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na Scott Frost, wani kocin Nebraska ɗin. Ran 11 ga Satumban 2022 suka kore shi, kuɗin sallamarsa miliyan 15. Da sun jira zuwa 1 ga Oktoba, da ya sauko zuwa miliyan 7 da rabi, haka kwantiragin ya ce. Kwana ashirin! Ba su iya haƙurin kwana ashirin ba a kan dala miliyan 7 da rabi. Wannan fushi ne, Injiniya, kada ka kira shi lissafi.

Auta: Yaya Injiniya, maganar cewa ba kuɗin ɗalibai ba ne, a manyan makarantu ne kawai. Ni a takardar kuɗin makarantata akwai layin kuɗin wasanni, kowane zango sai na biya, kuma ban taɓa leƙa filin ba.

Injiniya: Wannan gaskiya ne, Auta, amma makarantarku ba ta cikin masu biyan miliyan 76.

Maman Iman: Ni dai duk kuna ta maganar kuɗi, ba wanda ya ambaci yaran. Ɗan maƙwabciyata, koci ya zo har falonsu, ya ci abincinsu, ya ce wa uwar ta ba shi amanar ɗanta shekara huɗu. Yaron bai cika shekara a makarantar ba kocin ya samu inda ya fi maiƙo ya tafi, sabon da ya zo ya ce tsarinsa ba ya buƙatar irinsa. Don haka Kawu, ka yi haƙuri, ni ba na jin tausayin kocin nan ko kaɗan. Su ma haka suke yi. Brian Kelly a 2021 Notre Dame ta ci 11 an ci ta 1, ana sa ran za ta shiga gasar kofi, ya tsallake ya tafi LSU, jami'ar jihar Louisiana, yaransa a labarai suka fara gani. A makon da hakan ta faru dai Lincoln Riley ya bar Oklahoma ya tafi USC. Wanda ba ya jiran makaranta, don me makaranta za ta jira shi?

Kawu Bala: Hajiya, ai ba tausayinsu nake ji ba. Wa zai tausaya wa wanda ake biya miliyan bakwai a shekara yana kamun kifi? Mataimakansa da iyalansu su ne abin tausayi, su da ake kwashewa gaba ɗaya a watan Disamba yara na tsakiyar zangon karatu.

Barista: Na jima ina karantawa, bari in sa baki. Kawu da Injiniya, duk kun tsaya a ranar kora, alhali ɓarnar tun ranar sa hannu aka yi ta. Tun ran gini tun ran zane.

Kwantiragin Fisher na farko shekara 10 ne, dala miliyan 75, kuma an lamunce masa kuɗin gaba ɗaya ko ya yi nasara ko bai yi ba. A 2020 ya ci 9 aka ci shi 1, sai tsoro ya kama su kada wata makaranta ta ɗauke shi, a 2021 suka tsawaita masa zuwa 2031, albashi ya haura miliyan tara. Shekara biyu bayan nan suka kore shi. Kuma babu sharaɗin cewa in ya samu wani aikin za a rage abin da ake bin su. Ku kwatanta da James Franklin. Penn State ta kore shi a Oktoban 2025, wata tara bayan ya kai su wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa, ana maganar kusan miliyan 49. Amma nasa kwantiragin ya wajabta masa neman aiki, abin da ya samu a cire daga bashin. Da Virginia Tech ta ɗauke shi aka sasanta a kan kusan miliyan tara. Kora iri ɗaya, takarda daban.

Me ya sa makarantu ke sa hannu a irin ta Fisher? Saboda a ɗaya gefen teburin ƙwararren dillali ne. Jimmy Sexton shi ke wakiltar Fisher, shi ke wakiltar Nick Saban da Kirby Smart da wasu da dama. Ya san abin da kowace makaranta ke biya, kuma in wuri ɗaya ya buɗe, duk mutanensa sai farashinsu ya tashi. Shi kuwa daraktan wasanni kuɗin ba nasa ba ne, kuma yana tsoron a ce a hannunsa koci ya kuɓuce.

Ga abin dariyar: daraktan da ya ɗauki Fisher a A&M, Scott Woodward, shi ne ya koma LSU ya ɗauki Brian Kelly a kan shekara 10, miliyan 95. A Oktoban 2025 A&M ɗin nan ta je har gida ta doke LSU 49 da 25, washegari aka kori Kelly, ana bin su kusan miliyan 54. Sai da gwamnan Louisiana, Jeff Landry, ya fito fili ya ce Woodward ba zai zaɓi koci na gaba ba, bayan 'yan kwanaki Woodward ɗin ma ya tafi.

Malam Garba: Har gwamna? To ashe ba mu kaɗai ba ne.

Injiniya: Barista, na yarda da kai a kan takarda. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ba ka ba da irin wannan kwantiragin ba, maƙwabcinka zai bayar. Kuma Kawu yana magana ne da lissafin zamanin da. Da, sai koci ya ɗauko yara daga sakandare ya raine su shekara uku huɗu kafin a ga aikinsa. Yanzu tun 2018 akwai rajistar sauya makaranta, daga 2021 kuma an halatta wa ɗan wasa karɓar kuɗin talla da sunansa, a 2025 ma makarantar kanta aka yarda ta raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20 da rabi a shekara. Koci na iya sauya rabin ƙungiya a wata biyu. Indiana ta ci wasa 3 kacal a 2023, ta kori Tom Allen, ta ɗauko Curt Cignetti daga James Madison, ya taho da yaransa, a 2024 suka ci 11 suka shiga gasar kofi. Indiana fa, da aka sani da ƙwallon kwando. Wane attajiri ne zai ga wannan ya yarda ka ce masa a jira shekara biyar? Shi ya sa ma ake korar a Oktoba: tun 2017 a Disamba yaran sakandare ke sa hannu, in ka jira kaka ta ƙare ka makara.

Kawu Bala: To ai ka kawo mini hujja da bakinka. In yanzu kuɗi ke kawo 'yan wasa, miliyan 54 ɗin da za a ba Kelly ya zauna a gida, 'yan wasa nawa za ta ɗauko? Aljihun attajiran nan ɗaya ne, ba rijiya ba ce. Kuma ka ce Cignetti, ni in ce Auburn. Gene Chizik ya ci musu kofin ƙasa a kakar 2010, a 2012 suka kore shi. Gus Malzahn a 2020, miliyan 21. Bryan Harsin wasa 21 kawai ya yi, a 2022 aka sallame shi da kusan miliyan 15. Hugh Freeze ya zo, shi ma a 2025 aka kore shi. An gudu ba a tsira ba. Ita kuwa Virginia Tech, Frank Beamer a shekararsa ta shida, 1992, wasa biyu kacal ya ci. Suka bar shi. A kakar 1999 ya kai su wasan ƙarshe na kofin ƙasa, ya zauna har 2015. Dabo Swinney a Clemson ya ci 6 aka ci shi 7 a 2010, aka daure, ya kawo kofi biyu.

Injiniya: Kawu, 1992 fa ka ce.

Maman Iman: Haƙurin ma ba kowa ake yi wa ba. Tyrone Willingham, baƙar fata, Notre Dame ta kore shi a 2004 bayan shekara uku, ya ci 21 an ci shi 15. Charlie Weis da ya gaje shi, bai gama kakarsa ta farko ba aka tsawaita masa zuwa shekara 10. Da aka kore shi a 2009 ya ci 35 an ci shi 27, ku lissafa ku gani wa ya fi, kuma suka yi ta biyansa har 2015.

Injiniya: Hajiya, wannan wata muhawarar ce mai zaman kanta, kuma a nan ba zan yi musu da ke ba.

Malam Garba: Ni dai abin da na fahimta, duk Chelsea ce ta zamanin Abramovich, da ta kori Di Matteo wata shida bayan ya ɗauko mata kofin zakarun Turai. Sai dai ita Chelsea ba ta taɓa cewa ita makaranta ce ba. Barista, don Allah in an buɗe gurbi ka rubuta mini takardar neman aiki. Ba sai na iya ba, a ɗauke ni a kore ni kawai.

Barista: Malam, sai ka fara samun Sexton, ni kuɗin aikina bai kai nan ba.

Kawu Bala: Injiniya, tambaya ɗaya ka amsa mini kafin in tashi sallar la'asar. Ranar da aka kori Frost, da kai ne daraktan, kuɗin kuma daga aljihunka zai fita, za ka jira kwana ashirin ɗin nan ko ba za ka jira ba?

Injiniya: Da na jira, Kawu. Amma da na kore shi ran 1 ga Oktoba da sassafe.