Me ya kawo masana'antu Zariya, me kuma ya durƙusar da su?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a, jami'ar ABU ce ta jawo masana'antu Zariya, ko sun riga ta zuwa?

Bazazzagiya: Sun riga ta nesa ba kusa ba, ɗan'uwa. Jirgin ƙasa ne mafari. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Jos, wani kuma zuwa Funtuwa, Gusau da Ƙauran Namoda. Sai garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa. Tashar binciken noma ta Samaru ta soma a 1922, ABU kuwa sai 1962.

Malamin Gona: Haka ne, Hajiya. Auduga ce ƙashin bayan abin. In an gurje kilo 100, kaɗa kusan kashi ɗaya cikin uku ake samu, saura angurya ce ta mai da abincin dabbobi. Kaɗar ta nufi masaƙun Kaduna, wadda ta farko ta buɗe a 1957. Da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, rabon iri da tantance daraja suka watse. Iri ya gauraye, zare ya zo gajere da dogo, yana tsinkewa a inji. Ga buhun leda da ake zuba auduga a ciki: zarensa ya shiga kaɗa, rini ba ya kama shi, atamfa ta fito da tabo. Ga rashin wuta, ga yadin fasa-ƙwauri.

Ɗan Tudun Wada: Kada a manta da kamfanin taba da maɗaba'ar Gaskiya ta 1945. Amma yau kam, ɗalibai ne kasuwar Samaru.