Digirin shari'ar laifuka ta intanet zai kai ni DHS?

Mai Gadin Dare: Salamu alaikum. Gadi nake yi da dare a Amurka, katin zama kawai gare ni. Ina son yin digirin shari'ar laifuka ta intanet, ɓangaren tsaron cikin gida da yaƙi da ta'addanci. Zai kai ni aikin DHS, wato ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara neman zama ɗan ƙasa tukuna. Yawancin ayyukan tarayya sai ɗan ƙasa, kuma za a tone tarihinka kaf, har bashin da ake binka.

Uwargida: Karatun akwai daɗi. Za ka ga yadda aka haɗa hukumomi 22 aka kafa DHS bayan harin 11 ga Satumba 2001, ciki har da FEMA mai kula da agajin gaggawa da TSA mai kula da tsaron sufuri. Hukumar binciken manyan laifuka ta FBI kuwa tana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a.

Yaya Babba: Kuma kafin ka biya ko dala ɗaya, tabbatar an tantance makarantar.