Bindigar tokar Baba ta yi tsatsa, ya zan yi da ita?

Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu bara, maharbi ne tun ƙuruciyarsa. Jiya muna kwashe kayan ɗakinsa a nan wajen Ƙofar Gayan, don rufin ya sha yoyo duk watan Agusta, sai ga bindigar tokarsa a bayan akwati, naɗe cikin tsohon buhu. Bututun ya yi jawur, in ka shafa tsatsar sai ta biyo yatsa kamar jar ƙasa. Kunamar ta ƙage, ƙotar ma ta soma tsagewa. Ƙanena ya ce mu jiƙa ta a kalanzir, mu ɗan gasa a garwashi tsatsar ta saki, sannan a shafe ta da manja. Hankalina bai kwanta ba. Ni malamin makaranta ne, ba harbi zan yi ba, so nake kawai ta zauna da kyau mu riƙa tunawa da shi.

Tsohon soja, Sabon Gari: Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, don Allah ka hana ƙanenka kai ta kusa da wuta. Abin da aka fara cusa mana a kai a Daffo, inda ake horar da sababbin sojoji a Zariya, ke nan: duk bindigar da ba kai ka duba ta ba, a ɗure take. Ta toka ta fi haɗari, don ta baki ake ɗura ta, ba ta da inda za ka ɓalle ka leƙa. Maharba da yawa a ɗure suke rataye ta saboda ɓarayi, kuma albarushin da ya samu wuri busasshe yana shekaru bai mutu ba. Kada ka leƙa bakinta da ido, kada ka hura, kada ka matsa wa kunamar nan lamba. Ku juya bakin ga bango, ku fitar da yara, ku kira wanda ya san ta. Masu sana'ar suna zura sandar ɗurawa har ta tsaya, su yi alama a daidai baki, su ciro su gwada ta waje. In ba ta kai gindin bututu ba, akwai kaya a ciki.

Ɗan bindigar hawan Sallah: Gaskiya Baba soja ya faɗa. In an tabbatar babu komai ciki, wankin ba wuya. Mu duk ranar da muka dawo daga hawa ba ma kwanciya sai mun wanke, ko da kuwa ƙafa ta kumbura. Ruwan zafi da ɗan sabulu, a ɗaura tsumma mai tsabta a kan sanda, a yi ta kai da kawowa. Ruwan farko baƙi ƙirin yake fitowa, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. A yi ta canzawa har ya fito fari.

Mai tambaya: Yaya, ruwa kuma? Ba shi ne ya jawo tsatsar ba?

Ɗan bindigar hawan Sallah: Ruwan da aka bari ya kwana ne ke kawo ta, ƙanena. Albarushi ya ƙunshi farar wuta, kuma dattin da yake bari bayan harbi kamar gishiri yake, yana jan laima daga iska ya riƙa cin ƙarfe ta ciki. Mai ba ya narkar da shi, sai dai su haɗu su zama kamar kwalta. Shi ya sa ake son ruwan ya yi zafi sosai, ƙarfen ya ɗau zafi ya bushe da kansa. Ka bi da busasshen tsumma sau uku ko huɗu, sannan mai kaɗan, wanda zai sa ƙarfe ƙyalli kawai ba ya ɗiga ba. In ka cika mai, da hunturu ya shigo ƙura za ta manne ta toshe komai. Tsatsar waje kuwa, soso mai laushi na ƙarfe da ɗigon mai, a hankali. Ban da samfefa, ta ɓata bindigogi da yawa a hannun masu gaggawa.

Tela, Tudun Wada: Manja dai a bar wa miya, Malam. Shi da man gyaɗa daskarewa suke su yi danƙo. In ba ka samu man bindiga ba, man keken ɗinki ya wadatar. Baƙin mai na inji kuma kar ka soma. Buhun nan ma a jefar, shi ya riƙe mata ruwa. A rataye ta a busasshen wuri mai makulli.

Wani ɗan uwa daga Samaru: Akwai abin da ba a taɓo ba. Lasisin bindiga ba ya cikin gado. A dokar makamai ta 1959, irin wadda ake ɗurawa ta baki Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta, kuma da sunan mutum ɗaya. Ka nemi takardar marigayi, ka sanar da mai unguwa, ku je ofishin 'yan sanda tare. Da yanayin da ake ciki, kada a ganka da ita a kan babur kana neman maƙeri.

Tsohon soja, Sabon Gari: Haka ne. Kuma ko ta yi ƙyalli kamar sabuwa, kar wani ya ce zai gwada ta ranar Sallah. Bututun da tsatsa ta rarake ta ciki a hannu yake fashewa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na ɗauko wani dattijo, abokin farautar Baba, ya zo har gida. Ya zura sandar, ta tsaya da saura kamar yatsu uku. Ya dube ni ya ce, "Mahaifinku bai taɓa kwana da ita wayam ba." Ƙanena da ya riga ya hura gawayi a kurfoti, tun ɗazu bai ce uffan ba. Dattijon ya kulle ɗakin ya tafi da makullin, gobe da safe za mu wuce wajen mai unguwa.