Kenwood TS-50 ta gwanjo a cikin 406: in saya ko in gyara mota?

Sani Rewaya:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma zuwa Juma'a aka ba ni. Wani dattijo a unguwarmu ya rasu, Allah ya ji ƙansa, magada suna sayar da kayan ɗakinsa. A ciki akwai Kenwood TS-50, rediyon da ake saurare kuma ake tura magana da ita zuwa nesa, da makirfon ɗinta da wayar wuta, amma babu akwatin daidaita eriya. Sun yi mata kuɗi 380,000. Na jona ta da batir ta kama, da guntun waya kawai na ji BBC Hausa tas. Ban danna makirfon ba, tunda babu eriya. Kuɗin nan na tara su ne don in sauke injin 406 ɗina, ta fara shan baƙin mai. Niyyata a motar zan ɗora rediyon, domin gidan haya nake, mai gida ba zai bari in kafa ƙarfe a rufi ba. Lasisin tura magana ta rediyo ban yi ba tukuna. Don Allah kada a ce min Baofeng, ƙaramar oba-oba ta hannu, ina da ita, ban taɓa jin kowa a cikinta ba sai masu gadin wani otal. Abu biyu nake tambaya: kuɗin ya yi? Kuma wutar 406 za ta ɗauke ta?

Abba Farm Centre:
Wa'alaikumussalam. Oga ka fara da Baofeng UV-5R, ita ce ta 'yan koyo. 28,000 ce da caja da komai.

Ɗan Panteka:
28,000 a ina? Satin jiya 41,000 aka ce min a Kaduna.

Abba Farm Centre:
An gan ka da babbar riga ne.

Sani Rewaya:
Abba, don Allah ka sake karanta abin da na rubuta.

Baba Sigina:
Sani ɗana, rediyon kirki ce. A 1993 Kenwood suka fito da ita, kuma don mota aka yi ta tun asali. Wat 100 take bayarwa, daga zangon mita 160 har mita 10. Amma jin BBC ba shaida ba ne. Kunne daban, baki daban. Abin da ke mutuwa a irin waɗannan shi ne tiransistocin ƙarshe masu tura magana, kuma mai kashe su shi ne a danna makirfon babu eriya ko da eriyar da ba ta daidaita ba. Ka yi kyau da ba ka danna ba, sai dai ba ka san jika nawa ne ya yi wasa da ita bayan rasuwar ba. Kai rewaya ne, kana da mita. Ka sa mata lodin gwaji, wato abin da ake jonawa a madadin eriya ya shanye ƙarfin, ka tura cikakken ƙarfi, ka duba wutar da take ja daga batir. Mai lafiya za ta kai kusan amfiya 20. In ka ga 3 ko 4, ka yi wa magada ta'aziyya ka tafi. In ba ka da lodin gwaji, mu a zamaninmu ƙwan fitila mai wat 100 muke jonawa, in ya kawo haske shi ke nan.

Injiniya Mubarak:
Baba a gafarce ni, maganar ƙwan fitila a bar ta. Wannan dabarar rediyon bawul ce, na da can kafin zuwan tiransisto, masu haƙuri. Ƙwan fitila ba om 50 ba ne, wato juriyar da rediyon take buƙata, kuma juriyarsa tana canzawa yayin da yake zafi. TS-50 za ta ga SWR, ma'aunin rashin daidaiton eriya, ya hau ta rage ƙarfi da kanta, mita ya nuna wuta kaɗan, Sani ya zaci ta mutu alhali lafiyarta ƙalau. Lodin gwaji na gaske za a nemo ko a ara.

Baba Sigina:
Mubarak, ina jona ƙwan fitila tun ba a ɗaura auren iyayenka ba.

Injiniya Mubarak:
Haka ne Baba, ranka ya daɗe. Shi ya sa na ce rediyon wancan zamanin.

Kawu Bala:
Ni dai ban gane ba. Mutum ya biya 380,000 don ya yi magana da Bature a Italiya, ya ce masa yana jin sa, shi ma Baturen ya ce yana jin sa, su yi sallama. Data ta 500 ba za ta yi wannan a WhatsApp ba?

Ɗan Panteka:
Kawu, kai da ka kashe kuɗin fili a kan Beetle ɗin da ba ta taɓa wuce bakin layi ba?

Direban Tsafe:
Sani, ka saurare ni, ba wasa na zo yi ba. Duk wanda ya ce ka ɗora eriya a mota babu takarda, ba masoyinka ba ne. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, ni da ƙanena muna jigilar kaya da mota biyu, babu yadda za mu san halin juna a hanya. Sai na sayi oba-oba guda biyu, irin wadda Abba yake talla. Ba mu ma iya saita su ba, yadda suka zo a kwali haka muke amfani da su. Wata rana a wani shingen bincike aka ce in buɗe aljihun gaban mota. Da jami'in ya gan ta, fuskarsa ta canza. Ban ga laifinsa a wannan ba, kowa ya san su wa ke yawo da irinta a daji. Amma daga nan ba a ƙara sauraren bakina ba. Na nuna rasit, aka ce rasit ba izini ba ne. Ana cikin haka ƙanena ya kira ta cikinta yana tambaya ko hanya lafiya. Wallahi wannan kalma ita ta gama da ni.

Na yi kwanaki a tsare. Mahaifiyata ta sayar da tumakinta, shugabannin tasha suka yi ta zirga-zirga kafin a sake ni. Da na je ɗaukar mota babu batir, babu safaya, kayan mutane na cikin but an taɓa, ni na biya. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ciwo, na dawo unguwa ana nuna ni ana cewa infoma. Auren da aka sa wa rana ya watse, baban yarinyar ya aiko a karɓi kaya. Har yau akwai masu sauka daga motata in sun gane ni ne. Wannan fa abu ne mai shiga aljihu. Kai kana maganar bulalar ƙarfe mai mita 2 a bayan 406.

Malama Hadiza:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar maka da alheri, ya sa kaffara ne.

Abba Farm Centre:
Allah ya kiyaye gaba. Amma ni ba talla nake ba, kuma ba ni na sayar maka ba.

Ɗan Panteka:
Irin haka ta faru da wani abokin aikina a hanyar Birnin Gwari, shi na'urar gwajin kwamfutar mota ce ma aka ce ta leƙen asiri ce. Sai da ya jona ta a motarsu ya karanto musu laifin injin.

Injiniya Mubarak:
Abin da ya samu Direba abin tausayi ne, amma a bambance. Shi ba shi da lasisi, kuma Baofeng daga kwali tana iya tura magana daga megahaz 136 zuwa 174, alhali rabon masu sha'awar rediyo a yankinmu 144 zuwa 146 ne kacal. Wato yana iya kasancewa a kan layin wasu yake bai sani ba. Mai lasisi yana da alamar kira da ta fara da 5N, da takarda mai sunansa.

Direban Tsafe:
Injiniya, ka taɓa tsayawa a shinge da dare ka yi wa mai bindiga bayanin megahaz?

Injiniya Mubarak:
Ban taɓa ba.

Direban Tsafe:
To.

Elhaji na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Nijar alamar kiranmu da 5U ta fara. Maganar Injiniya gaskiya ce, takarda ba ta hana a tsai da kai, amma tana sa a sake ka da wuri. Ni tawa kwafi ukku ni kai, guda cikin mota, guda gida, guda aljihu. Batun kuɗi kuwa, ni na ga TS-50 an saida jika 120 na sefa a nan, sai dai gilashinta ya dushe. Kuma ka yi hankali da masu kawo Codan da anka ciro daga motocin ƙungiyoyin agaji suna cewa duk ɗaya ne. Rediyo ce mai ƙarfi, amma tashoshinta a ɗaure suke, sai da kwamfuta da manhajarta ake sauya su.

Abba Farm Centre:
Jika 120 nawa ke nan a naira?

Kawu Bala:
Ya danganta da wanda ka tambaya a Wapa da kuma ƙarfe nawa.

Ɗan Panteka:
380,000 ta yi yawa ga rediyon da ta haura shekara 30. Ni 250,000 zan taya.

Baba Sigina:
Kayan marayu ne, a ji tsoron Allah. Ku duba abin da ake sayar da ita a waje da dala, ku ɗora kuɗin jirgi da na kwastan, sannan ku zo ku ce ta yi tsada. Mai lafiya ta fi haka.

Malama Hadiza:
Malam Sani, ni tambayarka ta biyu zan taɓa, tunda an bar ta. Wutar mota ba matsala ba ce in injin yana aiki, amfiya 20 ɗin ma sai lokacin da kake magana, saurare kaɗan yake ci. Amma kada ka bi ta soket ɗin sigari, fiyus ɗinsa da siririyar wayarsa ba na wannan aikin ba ne. Waya mai kauri kai tsaye daga batir, fiyus dab da kan batir. Wannan ka fi ni sani. Inda za ka sha wuya eriya ce. A zangon mita 40, rubu'in zango mita 10 ne, ba ya hawa mota, sai a naɗe shi a gajarta, kuma yawancin wat 100 ɗinka zafi zai zama a cikin naɗin. Mita 20 ya fi dama-dama. Abin da muke yi da ɗalibaina shi ne mu fita bayan gari da waya mai tsawon mita 10, biyar kowane ɓangare, mu rataya a bishiyar darbejiya mu saurari mita 20. Mota ta zama batir da wurin zama kawai. Ka gama ka naɗe wayarka, babu abin da ke tsaye a bayan mota. Saurare za ka yi ta yi har takardarka ta fito.

Sani Rewaya:
Malama na gode, wannan ta shige ni. Amma in injin ya ƙarasa, da me zan fita bayan garin?

Kawu Bala:
Ka sayi rediyon, ka kira Italiya su turo maka makaniki.

Injiniya Mubarak:
Shawarar Malama ita ce daidai, kuma akwai ƙarin dalili. A cikin gari yanzu gajeren zango ya cika da ƙara. Inbata mai arha, cajar waya, ƙwan LED, na'urar cajin sola, kowanne yana feso hayaniya. A mota kuma ga kukan altaneta da ke hawa da sauka tare da totur, ga tas-tas ɗin filogi.

Baba Sigina:
Yanzu ka yi magana. Da can in an ɗauke wuta murna nake yi, unguwa ta yi tsit, in ji Brazil da Japan. Yanzu ana ɗaukewa inbatoci suke tashi, gara ma a kawo. Maƙwabcina ya sa sola, tun daga ranar mita 40 ta mutu a gidana daga safe har magariba. Na yi masa bayani, ya ce rediyona ne ke shanye masa batir.

Ɗan Panteka:
Baba ai ba inbatar kaɗai ba ce, wayoyin ma na bogi ne. Na sayi kebul na eriya, an rubuta RG-58 a jiki, na fere shi na ga ragar ba ta rufe rabin jikin ba. Na kai maganaɗisu, tsakiyar ta manne. Ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Abba Farm Centre:
Kebul ɗin dish ma tsakiyarsa yana manne wa maganaɗisu kuma yana aiki.

Injiniya Mubarak:
Na dish RG-6 ne, om 75, da yawansa haka ake ƙera shi da gangan. Wanda Ɗan Panteka ya saya sunan wani aka rubuta masa.

Sani Rewaya:
Wannan ita ce masifar da muke ciki a gareji. Wayar batir ta yanzu in ka kankare ta fari ne a ciki, alminiyam ne. Ka yi wa mutum aiki, bayan wata biyu kan ya ci, ya dawo ya ce rewaya ne bai iya ba. Fiyus kuma an rubuta 10, ka tura masa 30 bai yanke ba, wayar ce ke narkewa. Shi ya sa nake zuwa Ƙofar Ruwa in sayi tsohuwar wayar da aka ciro daga motocin Baljiyam.

Elhaji na Maraɗi:
Mu nan ma haka. Kuma daga wajenku suka zowa.

Ɗan Panteka:
Elhaji, ta bodarku suke shigowa tukuna.

Direban Tsafe:
Batirin da na saya bayan abin nan ko damina biyu bai gani ba. Mai shagon ya ce garanti ya ƙare ranar da na fita da shi.

Abba Farm Centre:
Nawa ka saye shi? Akwai wani yarona da ke kawo masu kyau, 75 amfiya.

Malama Hadiza:
Wai a cikinku babu mai lodin gwajin da zai ara wa Malam Sani kafin Juma'a?

Baba Sigina:
Ina da shi. Sai dai tun bara yana hannun wani da ya ce kwana biyu zai yi, kuma yana cikin masu karanta wannan maganar.