Abin da muka tsayar a Garwa kan shigar da na'ura cikin Bluetooth Mesh

Da muka zauna da masu haɗa lantarki a Garwa, bakinmu ya zo ɗaya: haɗarin yana lokacin da sabon ƙwan fitila ko makulli ke neman shiga Bluetooth Mesh, wato tsarin da ke haɗa na'urorin gida su riƙa magana da juna ba waya, domin a nan ake miƙa masa mabuɗin sirrin duk na'urorin gidan. A 2021 masu binciken ANSSI, hukumar tsaron intanet ta Faransa, sun nuna ana iya cankar lambar tantancewa, wato lambar sirrin da ake tabbatar da sabuwar na'ura da ita, idan gajera ce, baƙo ya kutsa. Wani dattijo cikinmu ya ce kada a yarda da shigarwa ba lamba, ko lamba ɗaya ga duk na'urorin da ke kwali guda. Na goyi bayansa ƙwarai. A nemi doguwa, mai bit 128 (bit ma'aunin tsawon lamba ne a kwamfuta), kowace na'ura da tata. A sabunta manhajar na'urorin, wajen saye kuma a tambayi masu sigar Bluetooth Mesh 1.1 ta 2023.