Wasulan harshen Cek da LPC, a taimaka min

Ɗan Gumel:
Salamu alaikum jama'a. Malaminmu ya ba ni furojet kan yadda ake kwaikwayon hanyar murya da lissafi, daga maƙogwaro zuwa leɓe, wai da wasulan harshen Cek zan fara sannan in gwada da namu. Na dawo ƙauye hutu na ɗauki muryar ƙanwata da waya na zuba a Praat, manhajar nazarin murya, amma layukan fomant, wato mitocin sautin da bututun baki ke ƙarfafawa, sai tsalle suke kamar fara, wlh kaina ya kulle. Kuma wai me ya haɗa mu da Cek ne?

Injiniyan Ringim:
Wa alaikumussalam ƙanina. Ɗauka kamar kakaki ne, tantanin maƙwallato ke kaɗawa ya ba da sauti, bututun baki ya tace shi, haka masanin sauti Gunnar Fant ya tsara abin a 1960. Bututun babban namiji kusan santimita 17 ne, in harshe na kwance a tsakiya zai amsa a wajen 500, 1500 da 2500 Hz (adadin kaɗawa a sakan ɗaya), su ne fomant ɗin, motsin harshe ke ture su sama ko ƙasa. LPC kuwa, dabarar da Praat ke ciro fomant da ita, hasashe take, ta duba samfuran sauti na baya ta cinki na gaba, daga nan ake ciro tacewar. Matsalarka saiti ce. Murya ta mace ka bar silin, wato iyakar mitar da Praat zai nemi fomant, a 5500 Hz, ta namiji 5000, taga, wato guntun muryar da ake aunawa lokaci guda, milisakan 25, kuma tsakiyar wasalin za ka auna ba bakinsa ba. In yarinya ce ƙarama ma ka ɗaga sama da haka.

Malama daga Bichi:
Ai malaminku ba a banza ya zaɓa ba. Cek wasula biyar gare su gajeru da biyar dogaye, sak irin namu, su dai suna sa alama a rubutu mu ba ma sawa. Byt gida ne, být kuma zama, kamar garin da ake zaune a ciki da garin tuwo. Kuma ba tsawo kawai ba ne, gajeren i ɗinsu ya fi dogon buɗewa, za ka ga F1 ɗinsa, wato fomant na farko, ya hau. Kar ka haɗa karin sauti da fomant fa, karin daga tantani yake fitowa.

Ɗan Kazaure:
Tukuna ma ina ka yi ɗaukar? Kar dai ta WhatsApp ta turo maka hhh

Ɗan Gumel:
A tsakar gida ne yallaɓai, injin markaɗen maƙwabta na yi ga zakara. Yarinyar shekararta 9. Gobe bayan asuba zan sa baba a ɗakin soro in sake, da WAV, tsarin fayil ɗin da ba ya matse sauti.